Yadda Na Koyi Cewa "Ban Gane Ba" da Turanci

Ni haifaffiyar Funtuwa ce, kuma aikin jinya nake yi. Na daɗe ina aiki a wani babban asibitin gwamnati a gida kafin Allah ya kawo ni Ingila a 2022, inda nake kula da tsofaffi a wani asibiti da ke yankin Yorkshire. 'Yan'uwa mata masu shirin tahowa sukan tambaye ni abin da ya fi ba ni wuya da na zo. Wasu suna jiran in ce sanyi, wasu kewar gida, kuma duk na sha su. Amma abin da ya hana ni sakat a watannin farko wasu 'yan kalmomin Turanci ne da ba za su cika shafi ɗaya ba, waɗanda mutum ke faɗa in bai ji ba, ko bai gane ba, ko yana son ya tabbatar, ko kuma an ɗauki maganarsa ba yadda ya nufa ba. Na iya rubuta doguwar takarda da Turanci babu gyara, amma waɗannan ba wanda ya taɓa koya mini su.

Da Hausa aka fara koyar da mu a firamare, sai a aji huɗu Turanci ya karɓe komai. A sakandaren kwana kuwa, duk wadda aka ji tana Hausa sai a rubuta sunanta, washegari ta sha horo. Abin da muka koya daga wannan shi ne yin shiru. Malami ya gama bayani ya ce "Do you understand?" mu amsa gaba ɗaya "Yes sir", da wadda ta gane da wadda ba ta gane ba. In wata ta yi ƙarfin hali ta ɗaga hannu, sai a yi mata kallon daƙiƙiya. Har takardar furuci ta jarrabawar WAEC a rubuce muka amsa ta, muna zaɓen A ko B ko C, ba wadda ta buɗe baki. Haka Turancinmu ya zama tamkar kayan sallah, yana ninke a adaka, sai ranar taro a ɗauko a saka. Da shi muke amsa tambaya, ba mu taɓa yin tambaya da shi ba.

A gida kuma tarbiyya ce mai kyau aka yi mana, ba na kushe ta. Babba in ya yi magana sai ka ce "to". Sai dai Hausa tana da hanyoyinta masu laushi na neman ƙarin bayani ba tare da raini ba. Kana iya cewa "Na'am, Baba?" ko "Wato ta bakin kasuwa ake nufi?" Inna, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa barin yaro ya tafi aike ba sai ta ce, "Tsaya. Me na ce miki?" Sai kin maimaita mata komai, da kuɗin da canjin da sunan mai shagon, sannan ta sallame ki.

Da na fara aiki, ban ji giɓin ba. Da marasa lafiya Hausa muke yi. "Baba, sau nawa na ce ka sha wannan?" "Hajiya, kafin abinci na ce ko bayan abinci?" Turanci na fayil ne da lokacin zagayen manyan likitoci. In babban likita ya yi magana da sauri, sai in ce "Yes sir", in ya wuce in raɗa wa abokiyar aiki, "Me ya ce a ba na gado shida?" Kullum akwai wanda zan tambaya da harshena. Ban san girman wannan gatan ba sai da na rabu da shi.

Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya, NMC, ba ta karɓar mutum sai ya tabbatar mata ya iya Turanci, mu kuma yawanci ta hanyar jarrabawa ne. A IELTS ana neman maki 7 a ji da karatu da magana, 6.5 a rubutu. A OET, wadda aka tsara musamman don ma'aikatan lafiya, ana neman B a ukun, C+ a rubutu. OET na zaɓa. A ɓangaren magana ana ba ki kati, ki zama nas, mai jarrabawar ya zama majinyaci ko ɗan'uwansa, ku yi wasan sau biyu, kowanne kamar minti biyar. Ana duba ko kin tsaya kin tabbatar ya fahimce ki. Don haka na haddace "Does that make sense?" da ire-irenta, na jefa su inda ya dace, Allah ya ba ni sa'a. Akwai kuma jarrabawar aikin jinya kansa: na ci ta kwamfuta a gida, na zo nan na ci ta gwaji mai tasha goma da ake kira OSCE. Hadda ta ci mini jarrabawa. Ranar da aka ba ni marasa lafiya nawa na kaina, sai na ga hadda ba ta fitowa in zuciya tana bugawa.

Tsofaffin Yorkshire ba Turancin BBC suke yi ba. "Nowt" suke ce wa babu komai, "owt" kuma wani abu. Tsohuwa ta ce tana son ta yi "spend a penny", ashe banɗaki take nufi. Wani ya ce ya yi "funny turn", kuma babu abin dariya a ciki, jiri ne ya ɗebe shi ko ya kusa suma. Wanda ya ce "I've been sick" yawanci amai ya yi. Abincin rana shi ne "dinner" a wurinsu, na yamma kuma "tea". Wannan na ƙarshen ba abin wasa ba ne ga mai ciwon sukari da ake wa allurar insulin: in ya ce ya sha "tea" ɗinsa, dole ki san ko ruwan shayi ya kurɓa ko cikinsa ya cika da abinci. Ga shi a lokacin ana sanye da takunkumi a asibiti, ba ka ganin leɓen mai magana. Wasu tsofaffin sun cire haƙoran roba. Wasu ba sa ji sosai, ni ban gane nasu ba, su ba su gane nawa ba. Sai in dawo gida da ciwon kai, saboda yini nake yi ina cike gurbin abin da ban ji ba da hasashe, sannan in koma in duba fayil don in tabbatar, aikin minti ɗaya ya zama na minti goma.

Wata dattijuwar nas 'yar Kerala ta Indiya ce ta lura da ni. Ta daɗe a ƙasar, kuma ita ma ta bi ta wannan hanyar. Wata rana bayan an miƙa aiki ta ja ni gefe ta ce ta ga ina gyaɗa kai da yawa. Ta ce a wannan aikin ba a biyan mutum don ya nuna ya gane, ana biyansa ne don ya tabbatar. Ta yagi takarda ta rubuta mini jimloli, ta ce in saka a aljihu tare da almakashi da biro, don su ma kayan aiki ne. Allah ya saka mata da alheri.

Ta farko ita ce "Sorry, I didn't catch that", wato maganar ta kuɓuce wa kunnena. Na so ta saboda ba ta ɗora wa kowa laifi. Sai "Could you say that again, a bit more slowly?", wato a maimaita a hankali. Ta gargaɗe ni da "What?" ita kaɗai, ta ce a kunnen mutanen nan tana da kaushi, kamar yaro ya ce wa babba "Me?" Amma wadda ta fi yi mini amfani ita ce "Do you mean…?" In na ce wa tsoho ya maimaita, kalmar da ban sani ba zai sake faɗa, da ƙarfi kawai. In kuwa na ce "Do you mean a cup of tea, or your evening meal?" na ba shi zaɓi biyu, amsa ɗaya ta raba gardama. Shi ne dai "wato" ɗinmu na gida.

Waya ta fi komai haɗari. Dokar da dattijuwar ta kafa mini ita ce duk lambar da aka faɗa mini in mayar wa mai ita: "Let me read that back to you." Sha biyar da hamsin a Turanci, "fifteen" da "fifty", a waya kusan sauti ɗaya ne, kuma tsakanin miligiram 15 da 50 ran mutum na iya salwanta. Don haka ake cewa "fifteen, one five" ko "fifty, five zero". Sunayen magunguna ma suna kama da juna. Propranolol na zuciya ne da hawan jini, prednisolone na kumburi ne da asma, amma in an faɗe su da sauri cikin hayaniya sai a yi musaya. Nan "Could you spell that for me?" take shigowa, tare da haruffan da matuƙa jirgin sama ke amfani da su, Alpha, Bravo, Charlie. Mu Hausawa "p" da "f" sukan haɗe mana a baki, don haka "P for Papa, F for Foxtrot" ta zame mini garkuwa, ni ma a daina kuskuren jin abin da na faɗa.

A wani horo da aka yi mana, malamin ya kawo labarin haɗarin jiragen sama biyu da suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife a 1977, mutum 583 suka rasu. Akwai hazo, rediyo ya sarƙe, matuƙin jirgi ɗaya ya ɗauka an ba shi izinin tashi alhali ba a ba shi ba. Bayan wannan aka ƙara tsaurara ƙa'idar kalmomin da ake amfani da su tsakanin matuƙa da hasumiya. Ya ce asibitoci daga irin waɗannan wurare suka aro darasi. Tsarin SBAR da muke bi in za mu kira likita, inda za ki faɗi halin da ake ciki, da tarihin majinyaci, da abin da kika gani, da abin da kike so a yi, daga sojojin ruwan Amurka ya samo asali. Kundin ƙa'idojin NMC ma, a sashe na 7, ya ce ma'aikaci ya riƙa duba fahimtar mutane lokaci lokaci don a rage rashin fahimta da kuskure. Ranar nan na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Abin da nake jin kunyarsa ashe wajibi ne a rubuce.

Ba a daɗe ba na ga amfaninsa da idona. Ina aikin dare, aka bugo daga ɗakin gwajin jini cewa sinadarin potassium na wani majinyaci ya hau sosai, matakin da ke iya tsayar da zuciya. Mai maganar tana sauri, da alama akwai wasu kiran a gabanta. Ta faɗi sunan mahaifi da lambar sakamakon, tana shirin ajiye waya. Da a ce a farkon zuwana ne, da "okay, thank you" zan ce. Sai na ji bakina ya ce, "Let me read that back to you, and can I just check the date of birth?" Ta karanto ranar haihuwa. Ba ta dattijon da ke hannuna ba ce. Akwai wani mai irin sunan a ɗaya ɓangaren ɗakin, an kwantar da shi da yamma, kuma sakamakon nasa ne. Muka kira likita, aka yi masa awon zuciya, aka fara magani a kan lokaci. Da an bi sunan kawai, da an ɗura wa mai lafiya maganin da ba ya bukata, an bar mai bukatar yana kwance. Bayan komai ya lafa na shiga ɗakin ajiya na yi ta hamdala, hannuna yana rawa.

Neman a maimaita shi ne mai sauƙin. Gyara magana bayan ta riga ta ɓaci ya fi wuya, don a lokacin ran wani ya riga ya sosu.

Akwai wani dattijo da ke shan maganin tsinka jini, irin wanda ɗan bugu kaɗan sai fata ta yi baƙi. Ya bugi ƙarfen gado cikin dare, hannunsa ya yi tabo babba, kuma an rubuta komai a fayil. Da 'yarsa ta zo dubiya ta gani, hankalinta ya tashi. Ni kuma tausayi ya kama ni, na ce mata "Sorry, sorry", kamar yadda kowane ɗan Najeriya zai faɗa, wato sannu. Fuskarta ta canza. Ta ɗauka ina amsa laifi ne, ni na ji wa mahaifinta ciwo. A ƙasar nan tun 2014 doka ta wajabta wa asibitoci su faɗi gaskiya su kuma ba da haƙuri in an cutar da majinyaci bisa kuskure, saboda haka kalmar tana da nauyi in ta fito tsirara daga bakin ma'aikaci. Ta nemi ganin shugabar sashenmu.

Kafin mu shiga wurinta, shugabar ta tambaye ni abin da ya faru, na gaya mata. Ta ce kada in fara da kare kaina, in bari matar ta gama tukuna. Wannan na san shi tun daga gida, haka dattawa ke sulhu, a bar mai fushi ya amayar da abin da ke cikinsa. Abin da ban sani ba shi ne da wace kalma zan shiga. Da bakina zan bi, da "You don't understand me" zan ce, don haka muke faɗa a gida ba tare da nufin komai ba. A nan kuwa wannan tuhuma ce, ka ce wa mutum kansa ne bai ɗauka ba. Shugabar ta ba ni wasu: "I think there's been a misunderstanding", wato an samu saɓanin fahimta, ba a ce daga wa ba. Sai "I can see why it sounded that way", wato na ga dalilin da ya sa kika ji shi haka. Sannan "What I meant was…", in faɗi nufina. Da wannan jerin na bi. Na gaya mata cewa a ƙasarmu kalmar jaje ce, muna faɗa wa wanda ya yi tuntuɓe ko da muna nesa da shi. Muka nuna mata abin da aka rubuta da daddare, aka yi mata bayanin maganin. Ta yi shiru, sannan ta fashe da kuka. Ashe tsoro ne ke cinta, mahaifiyarta ba ta daɗe da rasuwa ba. Har aka sallami dattijon, in ta zo ni take nema.

Tun daga nan in zan jajanta sai in cika jimlar: "I'm sorry to hear that", ko "That looks sore". Haka na bar "I'm coming", wadda muke faɗa muna juya baya, fassarar "ina zuwa". Tsoho yana jin ta yana ganin kina fita, sai ya ɗauka kin yi banza da shi. Yanzu cewa nake "I'll be back in ten minutes", kuma in dawo.

Manyan ma sai da na koyi warware maganarsu. Bature in ya ce "You might want to recheck that blood pressure", ba shawara yake ba ki ba, umarni ne aka naɗe shi da ladabi. In ban tabbatar da gaggawarsa ba sai in ce, "Would you like that done now, or after the drug round?" A wajen sallamar majinyaci kuma na daina tambayar "Do you understand?", domin na fi kowa sanin irin "yes" ɗin da take haifarwa. Cewa nake, "Just so I know I've explained it properly, can you tell me how you'll take these at home?" Na ɗora nauyin a kan bayanina, shi kuma ya maimaita mini ba tare da ya ji an raina shi ba. Duk sanda na faɗe ta sai in tuna Inna a bakin ƙofa.

Wasu 'yan'uwanmu suna cewa yawan tambaya yana sa a ɗauke ki ba ki san aiki ba, musamman ke baƙar fata mai ɗankwali da wani irin lafazi. Ba zan ce ƙarya suke yi ba. Akwai wanda in na ce ya maimaita sai ya ja tsaki ko ya ce a kira masa "wadda ta iya Turanci". Yana da ciwo, na sha kuka a kansa. Amma na zuba ido na ga manyan likitocin da aka haifa a nan, masu furfura, suna cewa "Sorry, say that again" sau da yawa a yini, ko a jikinsu. Wanda ya yarda da kansa shi ke tambaya. Kunyar da aka tarbiyyantar da mu a kanta ta kame kai ce da girmama mutane, kuma ban ga inda tabbatar da adadin maganin dattijo ya saɓa mata ba. Matambayi ba ya ɓata, mu muke faɗa da bakinmu. Abin da ya rage mana shi ne mu iya tambayar da harshen da aka horar da mu mu yi shiru a cikinsa.

Da a hannuna yake, da makarantun koyon jinya na gida sun ware lokaci don wannan, ɗalibai su riƙa karɓar saƙo a waya suna mayarwa da baki. Ko ba a fita waje ba ana bukatarsa. Likita ɗan bautar ƙasa daga Inugu ko Ibadan da aka turo Funtuwa da Turanci zai ba da umarni, kuma "Yes sir" ɗin nan tana nan daram.

Ƙanwata tana shirin rubuta OET yanzu, ita ma nas ce. Littattafai tana da su, don haka ni wani abu daban nake yi mata. Nakan kira ta a WhatsApp ba tare da sanarwa ba, in kunna famfo don hayaniya, in karanto mata sunan magani da adadi da sauri ina cinye rabin kalmomin. A farko cewa take, "To, Yaya, okay." Sai in ce, "Me na ce?" ta rasa amsa. Yanzu tun ban kai ƙarshe ba take tare ni, ta sa in maimaita, ta tambaye ni "one five" ne ko "five zero", ta nemi ranar haihuwar majinyaci. In ta gama jarrabawar, in sha Allahu, za mu shiga ɓangaren ba da haƙuri da warware saɓani da dangin marasa lafiya, ni in zama 'yar dattijon da ranta ya ɓaci, ita ta nemo hanyar shawo kaina.